Taransifomar da ba a yi wa karo-karo: darasin Jebba ga mutanen Kafanchan

'Yan uwa mazauna Kudu, na Agege da Mile 12, na Sabon Ibadan da Shagamu, na Lokpanta da Fatakwal, musamman waɗanda suka baro iyali a Kafanchan, Kagoro, Zonkwa, Kwoi, Kachia da Gidan Waya.

Kwanakin baya kawuna da ke sayar da shanu a Oko-Oba ya kira ni da daddare, murya a sama. Ya ce, "Kai yaro, wai an ce taransifoma ta fashe a gida, kowa ya kawo dubu goma. Ba bara muka biya ba?" Na ce, "Kawu, wace taransifoma aka ce maka? Ta bakin layinmu ko ta babbar tasha?" Ya yi shiru, can ya ce, "Au, dama iri-iri ce?"

Tambayar Kawu ce ta sa na zauna na yi wannan rubutu. Ni ba injiniya ba ne, karatuna ya tsaya a sakandare, sana'ata bin shanun Baba daga gida zuwa Kudu. Amma duk wata ana cire kuɗi daga aljihunmu da sunan wuta, ko kuɗin bil, ko na man janareta, ko na gudummawar gyara. Wanda ake cire wa kuɗi kuwa ya kamata ya san abin da yake biya. Saboda haka na yi ta tambayar masu aikin wuta, na bi sanarwar hukumomi, ga abin da na fahimta.

Suna ɗaya, abu uku

In an ce taransifoma, abu uku ne daban-daban. Ta farko ita ce wadda kowa ya sani, ta bakin titi ko ta kan dakali a unguwa. Tana karɓar wuta mai ƙarfin kilobolt 11 ko 33, ta sauko da ita zuwa ƙarfin da firji da fanka za su iya ɗauka. Wannan kayan kamfanin rarraba wuta ce. A jihar Kaduna kamfanin shi ne Kaduna Electric, wanda ke riƙe da Kaduna, Sakkwato, Kebbi da Zamfara.

Ta biyu ita ce babba, mai girman ɗaki, da ke zaune a cikin tashar kamfanin dakon wuta na ƙasa, wato TCN. Ita ke karɓar wuta daga manyan turakun ƙarfe da kuke gani a daji in kun biyo hanya, ta rage ta daga kilobolt 330 zuwa 132, ko daga 132 zuwa 33, sannan a miƙa wa kamfanin rarrabawa. Lokacin da aka sayar da kamfanonin wuta, aka fara miƙa su a watan Nuwamban 2013, an raba masu rarrabawa gida 11 aka ba 'yan kasuwa, amma TCN ya ci gaba da zama a hannun gwamnatin tarayya.

Ta uku ita ce wadda yawancinmu ba mu taɓa jin labarinta ba. Ma'aikata suna kiranta CT, mu kuma bari mu ce mata taransifomar awo. Ita ba ta ba kowa wuta. Aikinta ta riƙa auna yawan wutar da ke gudu a cikin babbar waya. Doguwa ce, ta fi mutum tsayi, an dasa ta a kan ƙafar ƙarfe, jikinta tangaran ne mai gaɓa-gaɓa, nauyinta ya kai na ƙosasshen bijimi ko ya fi. A kowane layi ana dasa guda uku, ɗaya ga kowace waya.

Malamin da ke ƙirga a bakin ƙofa

Duk wanda ya taɓa lodin shanu ya san akwai mai tsayawa a bakin tirela yana ƙirga kai. Shi ba ya jan igiya, ba ya ɗaga saniya, amma in ya yi kuskure lissafin kowa ya lalace. To haka CT take.

Wutar da ke bin babbar waya ta fi ƙarfin a jona ta kai tsaye da mita ko wata na'ura. Sai CT ta rage ta bisa wani ƙayyadadden lissafi. Misali, in amfiya 400 ke gudu a babbar waya, ita sai ta fitar da amfiya 1 a wata siririyar waya da ta tafi ɗakin kula da tasha. In 200 ke gudu, sai ta fitar da rabi. Da wannan 'yar wutar mita ke lissafin abin da TCN ya miƙa wa kamfanin rarrabawa. Da ita kuma wata na'ura da ake kira rile take gane ko layi lafiya yake.

Ranar da bishiya ta faɗo kan waya ko tsawa ta sauka, wutar da ke gudu takan yi tsalle ta ninka sau da yawa. CT ta gani, rile ya karanta, ya ba babban makunni umarni, wato bireka, ya katse layin kafin daƙiƙa ɗaya ta cika. Wannan saurin ne ke hana babbar taransifoma ƙonewa. Ka ga ke nan in CT ta mutu, layin ya makance. Ko da babbar taransifoma lafiyarta ƙalau, ko da wuta na nan jibge, injiniya mai hankali ba zai mayar da layin nan ba sai an gyara ko an karkata wutar ta wata hanya. Shi ya sa wani lokaci za ka ji an ce ba abin da ya samu taransifoma amma gari na cikin duhu.

Abin da ya faru a Jebba

Wanda yake ganin wannan ƙaramin abu ne, ya tuna ranar Asabar 19 ga Oktoban 2024. Da misalin ƙarfe 8:15 na safe wuta ta ɗauke a faɗin ƙasar nan, har da ku na Legas da Ibadan. Hukumar kula da harkar wutar lantarki, NERC, ta fito ta ce CT ce ta fashe a tashar TCN ta Jebba, daga nan tashoshin samar da wuta suka yi ta kashe kansu ɗaya bayan ɗaya. A cikin makon nan kaɗai, wannan ba shi ne karon farko da babban layin ƙasa ya durƙushe ba, don ya riga ya faɗi ranar Litinin 14 ga wata.

Ta yaya ƙarfe ɗaya zai kashe wa ƙasa guda wuta? Jebba mahaɗa ce, kamar yadda Kafanchan take mahaɗar jirgin ƙasa. Wutar madatsar Kainji da ta madatsar Jebba nan suke haɗuwa, daga nan layuka suka tafi Oshogbo, wasu suka nufi Shiroro. Da CT ta fashe, na'urorin kariya suka buɗe layukan da ke kewaye da ita, kamar yadda aka tsara musu. Sai kaya mai yawa ya sauka daga kan injinan samar da wuta a lokaci guda.

Ku ɗauka bijimai ne suna jan amalanke cike da taki, sun sa ƙarfi, sai igiya ta tsinke. Ai gaba za su yi da gudu su kifa. Injinan ma haka ne. Dukkansu a tare suke juyawa bisa sauri ɗaya, bugu 50 a daƙiƙa. In kaya ya sauka kwatsam sai su zarce da gudu, kowanne ya kashe kansa don kada ya tarwatse. Ƙasar da ke da mutum sama da miliyan 200 amma wutar da take rabawa ba ta cika wuce megawat 4,000 zuwa 5,000 ba, ba ta da rarar da za ta tare irin wannan girgiza.

Me ke fasa ta?

A cikin tangaran ɗin nan, yawanci takarda ce ta musamman aka naɗe wayar da ita, aka cika da mai. Takardar da man su ne katangar da ke tsakanin wuta mai ƙarfin dubban bolt da ƙarfen da ke taɓa ƙasa. Muddin man yana da tsabta, na'urar takan yi shekaru masu yawa. Amma in robar da ta toshe bakinta ta tsufa, damshi ya samu hanya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ruwa ya gauraya da mai, takarda ta fara ruɓewa, ƙananan tartsatsi su fara a ciki, iska mai kama wuta ta taru. Wata rana sai ta tashi kamar bam, tangaran ya watse, ɓaraguzansa su ji wa na'urorin da ke kusa rauni, wani lokaci har gobara.

Mu na Kudancin Kaduna wannan ya shafe mu sosai. Daminarmu ta fi ta Kano da Katsina tsawo da nauyi, ga tsawa a gindin duwatsun Kagoro, ga ƙurar hunturu da ke kwanciya a kan tangaran. Sannan duk lokacin da babban layi ya faɗi aka sake tayar da shi, kayan tasha suna shan bugu.

Abin takaicin shi ne wannan ciwo yana nuna alama kafin ya kashe. Ana ɗibar man a gwada a ga ko akwai ruwa ko iska a ciki. Ana duba ko man ya ragu ko yana yoyo. Akwai kyamara mai ganin zafi da ke nuna inda mahaɗin waya ya fara ɗumi. Akwai gwajin da ke nuna ko takardar ta fara gajiya. Makiyayi na gari tun daga yadda saniya ke tafiya yake gane ba ta da lafiya, ba ya jira sai ta kwanta.

Yadda ake sauya ta

Sauya CT ba kamar sauya kwan fitila ba ne, amma kuma ba aikin wata guda ba ne. Da farko sai an nemi izini daga cibiyar kula da babban layi ta ƙasa da ke Oshogbo, wadda yanzu take ƙarƙashin sabuwar hukumar NISO da aka cire daga jikin TCN. In an ba da izini sai a buɗe bireka, a buɗe wuƙaƙen da ke raba layin ta gaba da ta baya yadda ido zai ga ratar, a gwada a tabbatar ba wuta, sannan a ɗaure wayoyin da ƙasa. Sai an gama wannan ake ba ma'aikata takardar izinin taɓa wurin.

Daga nan a kwance manyan wayoyin sama da ƙananan na ƙasa, kowace a yi mata alama. A kawo motar ɗaga kaya ta sauke tsohuwar, ta ɗora sabuwar a kan ƙafarta. Sabuwar dole ta dace da wurin: ƙarfin da za ta ɗauka, lissafin ragewarta, da yawan ƙananan wayoyin da ke fita zuwa mita da rile. In ta bambanta da 'yan uwanta biyu da ke gefe, rile zai riƙa ganin laifi inda babu. Shi ya sa wani lokaci ake sauya ukun gaba ɗaya.

Kafin a saki wuta sai an yi gwaje-gwaje. A gwada ƙarfin rufinta, a tura mata wuta sananniya a ga ko lissafinta daidai ne, a tabbatar ba a juya mata kai ba, don in an juya, rile zai karanta abu a baibai. Akwai kuma dokar da kowane ma'aikaci ya haddace: ba a barin ƙananan wayoyin CT a buɗe alhali babbar waya na ɗauke da wuta, domin nan take za su tara ƙarfin da zai iya kashe mutum.

In kaya na nan a ajiye, ga mota, ga ma'aikata, wannan aiki na awoyi ne, in ya yi tsanani kwana ɗaya ko biyu. Kun sha ganin sanarwar TCN cewa za a ɗauke wuta daga safe zuwa yamma don irin wannan gyara. Inda gizo ke saƙar shi ne in babu sifeya. CT ta babban layi ba a samunta a Alaba ko Sabon Garin Kano. Daga waje ake yin odarta, da dala, a jira masana'anta, a jira jirgin ruwa, a jira kwastan. Ko kuma a bi tashoshi ana neman inda za a ciro wata a ara.

Na taɓa bin wata tirela da muka yi wa lodi za mu Lokpanta. Mun wuce Akwanga, kafin mu kai Lafiya taya ta fashe. Direba ya sauko yana sosa ƙeya, ashe sifeyar da ke ƙasa ita ma a sace take. Mun kwana a bakin hanya, washegari rana ta buɗe a kan dabbobi, kafin a kawo taya saniya biyu sun kwanta, ɗaya dole aka yanka ta aka sayar a wulaƙance. Da na kira Baba na faɗa masa, abin da ya ce kawai shi ne, "Ba a fafe gora ranar tafiya." Tayar da ta fashe ba laifin kowa ba ce. Fita ba sifeya shi ne laifin.

Kafanchan a ƙarshen igiya

Yanzu mu dawo gida. Kafanchan tana da tashar TCN mai ƙarfin kilobolt 132 zuwa 33, layinta kuma daga Jos ya taso. Wato duk abin da ya taɓa Jos ya taɓa mu. Jos ɗin ita ma jira take a kawo mata, ko ta Kaduna daga Shiroro, ko ta Kudu daga Inugu a biyo ta Makurɗi.

Mun ga ma'anar wannan kwana biyu kacal bayan fashewar Jebba. Dama an riga an lalata turakun layin Shiroro zuwa Mando a Kaduna, rashin tsaro ya hana ma'aikata shiga dajin su gyara. Arewa ta koma rataye a kan hanya ɗaya, ta Ugwuaji zuwa Apir. Ranar 21 ga Oktoban 2024 wannan ma ta katse, aka gano waya ta tsinke a yankin Igumale na jihar Binuwai. Sai ranar 30 ga wata aka dawo da layi ɗaya. Kwana tara zuwa goma jihohin Arewa na cikin duhu, ku kuma a Kudu wutarku ta dawo tun tuni.

Kowa ya tuna abin da ya gani a lokacin. Masu ƙanƙara da masu sayar da ruwan leda sun rufe. Mai injin niƙa ya ƙara kuɗi saboda dizal. Mai walda ya zauna. Cajin waya ya zama sana'a. Mahauta suka rage yanka don ba inda za a ajiye abin da ya kwana, in mahauci ya rage yanka kuwa, mu 'yan kara mu ne na farko da za mu ji a jikinmu. Wayoyinku kuma suka yi ta ƙara: a turo na mai, a turo na ruwa.

Abin da ya sa nake ganin maganar ta fi ta da muhimmanci shi ne kaya na ƙaruwa a kan igiyar nan. A 2025 gwamnatin tarayya ta amince a mayar da asibitin Sir Patrick Ibrahim Yakowa na Kafanchan ya zama cibiyar lafiya ta tarayya, ta kuma mayar da jami'ar Nok ta zama jami'ar tarayya a Kachia. Ga reshen jami'ar jihar Kaduna a Kafanchan, ga kwalejin ilimi ta Gidan Waya. Ga manoman citta na Kachia, Jaba da Kagarko da annobar 2023 ta durƙusar, waɗanda in suna son su farfaɗo da riba sai sun riƙa busarwa da niƙawa a gida maimakon sayar da ɗanya. Ɗakin tiyata da injin sarrafa citta ba sa tafiya da wutar da ƙarfe ɗaya zai iya kashewa na mako guda.

Hanya biyu ta fi ɗaya

Dattawanmu suna yawan ba mu labarin wutar NESCO. Wannan kamfani ya fara aiki tun 1929 da madatsar ruwa a Kurra, a saman Filato, don ma'adinan kuza, kuma Kafanchan na cikin garuruwan da suka sha wutarsa. Abin lura a labarin shi ne wutar daga kusa take zuwa, ba sai ta ratso rabin Najeriya ba.

Ku da ke Gabas kun ga irinsa a Aba. A watan Fabrairun 2024 aka buɗe tashar Geometric mai megawat 188, da layukanta na kanta, don garin Aba da kewaye. Mu ma a jihar Kaduna muna da madatsar Gurara mai megawat 30 a ƙasarmu ta Kudanci, ga rana da Allah Ya hore mana. Dokar wutar lantarki ta 2023 kuma ta ba jihohi damar kafa kasuwar wutarsu da hukumarsu. Inugu, Ondo, Ekiti da Legas duk sun karɓi nasu. Don haka in ɗan siyasa ya zo neman ƙuri'a ya ce wuta maganar Abuja ce kawai, a tuna masa doka ta canja.

Sai dai a yi adalci. Gyara da sifeya kuɗi suke ci, kuɗin kuma daga bil yake fitowa ya hau sama. A watan Janairun 2024 NERC ta rushe hukumar gudanarwar Kaduna Electric saboda bashin da ya kai naira biliyan 110 da kasuwar wuta ke bin kamfanin. In mai rarrabawa bai biya ba, mai dako da mai samarwa ba su samu ba. A cikin wannan rami akwai laifin kamfani, akwai na ma'aikatun gwamnati da ba sa biyan bil, akwai kuma namu. Wanda ya zagaye mita ya jona hita da injin niƙa, shi ma ya zare ƙusa ɗaya daga tayar motar da muke ciki gaba ɗaya.

Duhu da jita-jita

Akwai wani abu da ya fi asarar kuɗi ba ni tsoro. Kafanchan gari ne da ya ga tashin hankali a 1987, a 1999 da 2011, kuma har yau ana lallaɓa zaman. A irin wannan gari, in wuta ta ɗauke a wata unguwa ta bar wata, ba a rasa mai cewa da gangan aka yi. Kafin injiniya ya gama ɗaura ɗamara, saƙon murya ya riga ya kai Agege ya dawo da ƙari.

Alhali sau da yawa bayanin mai sauƙi ne. Kowane layin kilobolt 33 da ke fita daga tasha yana da nasa bireka da nasa CT. In na layi ɗaya ya lalace, garuruwan da ke kansa ne za su shiga duhu, na ɗaya layin kuma suna kallon ƙwallo. Na'urar ba ta san sunan unguwa ba, ba ta san wa ke zuwa masallaci wa ke zuwa coci ba.

Maganin jita-jita shi ne bayani da wuri. Lokacin da aka ƙara wa 'yan rukunin Band A kuɗi zuwa naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024, NERC ta ce dole a ba su awa 20 a rana, in an gaza kwana biyu a jere kamfani ya fito ya bayyana dalili, in an kai kwana bakwai a sauke layin daga rukunin. To in mai kuɗi ya cancanci a faɗa masa dalili, mai injin markaɗe a Zonkwa ma ya cancanta. Sanarwa da Hausa a rediyo da WhatsApp, mai faɗin abin da ya lalace, a wace tasha, da ranar da ake sa ran gamawa, ba ta cin ko kuɗin taya ɗaya.

Abin da ya rage namu

Na farko, kafin ka tura ko sisi, yi tambayar da na yi wa Kawu. In an ce matsalar a tashar TCN take, ko an ambaci CT, ko babban layi, to ba abin da ya haɗa ta da karo-karon unguwa. Ba wanda zai je kasuwa ya sayo ta, ba kuma mai gyaran unguwa da zai taɓa ta. Duk wanda ya zo da takarda yana tara kuɗi a kan wannan, a tambaye shi wa zai kai wa.

Na biyu, ko ta unguwa ce ta ƙone, NERC ta sha nanatawa cewa sayen taransifoma, falwaya da waya haƙƙin kamfanin rarrabawa ne, ba na masu biyan bil ba. Na san halin da ake ciki, wani lokaci mutane sun gaji da jira sai su haɗa. In dole ta sa, a yi shi a rubuce da kamfani, a san yadda za a mayar wa jama'a kuɗinsu, a karɓi rasit, a kuma karanta lissafi a gaban kowa.

Na uku, a riƙa kai ƙorafi a rubuce. Ƙa'ida ita ce a fara da ofishin ƙorafi na kamfani, in kwana 15 na aiki suka wuce ba a warware ba sai a wuce zauren sauraron ƙorafi na NERC. Ku da ke jihohin da suka karɓi ikon wutarsu, hukumar jiha za ku nufa. Zagi a Facebook ba ya shiga fayil.

Na huɗu, ƙungiyoyinmu na 'yan kara, na 'yan citta da na 'yan gari da ke Kudu suna da murya, kuma 'yan majalisa suna zuwa gaishe su in zaɓe ya matso. A bar roƙon taransifomar unguwa ɗaya a matsayin kyauta. A tambaye su abu uku: yaushe aka yi wa kayan tashar Kafanchan gwajin ƙarshe, akwai sifeyar CT da bireka a ajiye kusa, kuma ina aka kwana kan hanya ta biyu da za ta kawo wa Kudancin Kaduna wuta in ta Jos ta katse? Su kai tambayar gaba su dawo mana da amsa a rubuce.

Kawu dai bai tura dubu goman nan ba sai da ya sa aka je aka gani da ido. Ta unguwa ce, fis ne ya ƙone da waya ɗaya, abin da aka kashe bai kai rabin abin da aka so tarawa ba. Ya sake kirana yana dariya, ya ce daga yau duk wanda ya ce masa taransifoma, sai ya faɗa masa sunanta da na ubanta.

Allah Ya ba mu zaman lafiya a gida da inda muke nema, Ya sa albarka a kasuwa. Wanda ke da ƙarin bayani a cikin injiniyoyinmu, ƙofa a buɗe take, a gyara mana inda muka karkace.